Katangar tsakani: Tsarin gidajen 'yan fansho da hukuncin iyaka a Ƙaraye da Rogo

A ƙasar Hausa ba a saba ware wa tsofaffi unguwa tasu su kaɗai ba. Ma'aikacin gwamnati da ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, da ɗan kasuwar da ƙarfinsa ya fara ja da baya a Kantin Kwari ko Singa, yawancinsu gida suke komawa. Wani ya gyara sashensa a gidan gado, wani ya sayi fegi a bakin gari ya zuba kuɗin sallamarsa a kai. Da yake sau da yawa abokai ne ko 'yan uwa ke jawo juna wajen sayen fili, akan wayi gari a ga layi guda na gidaje manne da juna, masu su duk dattawa ne da suka san juna tun ƙuruciya.

Wannan sanayya ita ce ke sa a yi sakaci da iyaka. Dattawa biyu za su tsaya da yamma su amince cewa katanga ɗaya ta ishe su, ba takarda, ba shaida. Su biyun ba za su taɓa saɓawa a kanta ba. Amma katanga ta fi mai ita tsawon rai, kuma waɗanda za su gaje ta ba su ji abin da aka faɗa ba.

Yankin da ake magana a kai

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne maƙwabta a yammacin Jihar Kano. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaraye na da sama da mutum 140,000, Rogo kuma sama da 220,000, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi. A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano.

Ta fuskar sarauta, Ƙaraye na cikin masarautu huɗu da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙira a 2019. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a watan Mayun 2024, sannan a watan Yuli na wannan shekara ta kafa masarautu uku masu daraja ta biyu, wato Rano da Gaya da Ƙaraye. Masarautar Ƙaraye ta yanzu ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Wannan na da nasaba da batun iyaka, domin rigimar katanga a Kurugu ko Turawa, a Zarewa ko Fulatan, daga wurin mai unguwa take farawa, ta hau zuwa ga dagaci da hakimi kafin a yi maganar kotu.

Ƙasa ce ta noma, kuma ruwan damina ya fi sauka a nan fiye da arewacin jihar. Duk wanda zai yi gini a yankin, da ruwan Agusta zai fara lissafi.

Wurin tsoho a gidan gargajiya

Gidan Bahaushe na asali a tsare yake daga waje zuwa ciki: zaure, sai ƙofar gida inda samari da baƙi ke kwana, sai shigifa, sannan cikin gida, inda ɗakunan mata suke kewaye da tsakar gida, turakar maigida kuma tana inda zai ga mai shiga da mai fita. Duka wannan katanga ɗaya ce ta kewaye shi. Idan 'ya'ya maza suka yi aure, sai a yanka musu sassa a ciki, kowa da 'yar katangarsa ko danga, amma zaure ɗaya ake bi.

Wannan tsari ya yi wa tsufa tanadi ba tare da an kira shi da suna ba. Babu bene, babu matakala. Tsoho yana da zaure da dakali inda zai zauna a gaishe shi, masallaci na kusa, tsohuwa kuma tana da ɗakinta a tsakiyar jikoki, idan ta yi tari cikin dare akwai mai ji. Kaurin katangar ƙasa yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi a lokacin hunturu, abin da bulo da kwano ba sa yi.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi: yaɓe. Katangar tubali tana da faɗi a gindi, tana sirancewa zuwa sama, kuma ruwan sama, wanda galibi iska ke koro shi daga gabas, yana zaizaye ta kowace damina. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suke shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Katangar da ke tsakanin gida biyu tana da fuska biyu, kuma kowace fuska sai an shiga gidan da take kallo kafin a yaɓe ta. Idan ɗaya ya yi nasa, ɗaya ya bari, katangar duka ce za ta faɗi. Saboda haka a tsohon gari kowa ya san haƙƙin da ke kansa, mai unguwa da maginan unguwa kuma sun san tarihin kowace katanga.

Fegi, awon igiya da lissafin bulo

Sabbin unguwanni na bakin gari dabam suke. Mafi yawansu gonaki ne da masu su ko magada suka yanka suka sayar, abin da ake kira awon igiya, wato awon da ba hukumar tsara gari ce ta yi shi ba. Fegin da aka fi sani shi ne ƙafa 50 da 50, ko 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Alamar iyaka kan zama turke, ko dutse, ko bulo guda da aka binne a kusurwa. Akuya na iya tuge turke, mai tonon harsashi na iya matsar da dutse, wani lokaci da gangan, wani lokaci cikin rashin sani.

Dalilin da ya sa ake haɗa katanga a fili yake. Katangar da tsawonta ya kai ƙafa 100, tsayinta ƙafa 8, tana cin bulo wajen 730, ban da na harsashi, ban da siminti da yashi da ladan magini. Ga ɗan fansho da ke gini da kuɗin da ba za su sake zuwa ba, raba wannan kuɗi biyu ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sannan bulo mai inci 9 a tsawon ƙafa 100 yana cin fili murabba'in ƙafa 75. Idan kowa ya yi tasa, an yi asarar ninkin haka, ga kuma ɗan tsukin da ke saura tsakanin katangun biyu, wanda ba ya shiguwa balle a share shi, sai ya zama matattarar ruwa da leda da ɓeraye.

Katangar tsakani iri uku ce, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin rigingimu. Akwai wadda mutum ɗaya ya gina da kuɗinsa a cikin filinsa, maƙwabci ya zo daga baya ya same ta, ya huta da gina tasa. Wannan ta mai ita ce shi kaɗai, ko da maƙwabcin ya yi shekaru yana shan inuwarta. Akwai wadda aka gina a kan layin iyaka, rabi nan rabi can, da kuɗin mutum biyu. Wannan ta tarayya ce. Ta uku ita ce mafi wuyar sha'ani: bangon ɗakin wani ne ya zama katangar wani. A nan abin da ya shafi katangar ya shafi rufin da tsoho ke kwana a ƙarƙashinsa.

Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada

Kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano da mazhabar Malikiyya suke aiki, kuma malaman wannan mazhaba sun yi dogon bayani a kan gine-gine. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, duk littattafai ne da ake karantawa a zaurukan malamai na Kano, kuma duk sun taɓo haƙƙin maƙwabtaka. A ƙarni na 14 ma an yi wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. Tushen duka shi ne ƙa'idar hana cuta da hana ramuwa da cuta.

Idan mutum biyu suka yi jayayya a kan katanga kuma babu shaida, ana duba ginin kansa. Ɓangaren da katangar ta sarƙe da gininsa, wato aka ɗaure ta da sauran bangayensa tun daga farko, shi ake bai wa. A yaren maginan yau, ana duba kusurwa: idan bulon katangar ya shiga cikin bulon ɗakin wani, layi bayan layi, alama ce tare aka gina su. Idan kuwa jingina ta kawai aka yi, za a ga tsaga a miƙe daga sama har ƙasa. Filasta kan rufe wannan shaida, amma ba ta goge ta.

Game da ɗora itace a kan katangar maƙwabci, azara ce ko katakon rufi, an so mai katanga ya yarda, domin hadisi ya kwaɗaitar da haka. Amma a Malikiyya alƙali ba ya tilasta masa. Ma'anar wannan ga mai gini ita ce, izinin da ya samu alheri ne aka yi masa, bai zama mai rabo a katangar ba. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa tunda rufin kicin ɗinsu ya shekara ashirin a kan katangar maƙwabci, to ta zama tasu su biyu. Ba haka ba ne.

Akwai kuma abin da ake tilastawa. Idan mutum yana bukatar shiga gidan maƙwabcinsa domin gyara katangarsa, ana umartar maƙwabcin ya ba shi hanya. Idan abu na tarayya ne wanda ba ya rabuwa, kuma ya lalace, ana umartar wanda ya ƙi gyara da ya gyara ko ya sayar da rabonsa. Idan mai katanga ya rushe ta da nufin cutar da maƙwabci, ya bar iyalinsa a tone, ana sa shi ya mayar. Amma idan da kanta ta faɗi, ba a tilasta masa ya sake ginawa, sai a ce wa maƙwabcin ya suturta kansa. Wannan hukunci na ƙarshe ya kamata duk wanda ke zaune a bayan katangar wani ya san shi, domin ranar da ruwan Agusta ya kwantar da ita, yana iya samun kansa da zana a hannu, mai katangar kuwa yana Kano ko Abuja bai ma ji labari ba.

Taga, bene da hayaniya

Sirrin gida shi ne abin da fiƙihu ya fi tsanantawa a kai. An hana buɗe tagar da za a riƙa hango cikin gidan maƙwabci ta cikinta, kuma idan aka buɗe ana toshe ta. Haka buɗe ƙofa daidai saitin ƙofar wani a lungu mai ƙunci. An hana hayaƙi da wari masu cutarwa da aka ƙirƙiro daga baya, da duk abin da zai raunana katangar maƙwabci, kamar tona rami a gindinta, ko da a cikin filin mai tonon ne. Bishiyar da aka dasa bayan an gina katanga, idan saiwarta ko reshenta suka fara cutar da ita, ana sare abin da ya cutar. Masu sha'awar dasa darbejiya ko mangwaro a jikin katanga su lura.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne abin da ba a hana ba. A mashahurin zancen mazhaba, ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska, matuƙar ba leƙe zai riƙa yi ba. Haka nan sauti kawai, irin na masu bugun tufafi, ba ya cikin abin da ake hanawa. Wato ɗan da ya gaji gidan mahaifinsa yana iya ɗora bene, tsohon da ke maƙwabtaka da shi ya rasa iskar da yake sha a tsakar gida, kuma abin da zai iya nema shi ne a toshe tagogin da ke kallon gidansa. A nan ne dokokin tsara gari na zamani suka fi ba da kariya, domin suna neman a bar tazara tsakanin gini da iyaka, kuma a nemi izini kafin a yi gini. Amma a unguwar awon igiya da wuya a ga mai bin wannan.

Injin niƙa da janareta suna tsakanin biyu. Idan ƙara ce kawai, maganar ta fi zama ta sulhu. Idan girgizar injin tana tsaga bango, ko hayaƙin janareta yana shiga ɗakin kwana, an shiga babin cuta. Hayaƙin janareta a ɗan tsukin da iska ba ta ratsawa yana kisa, kuma bangon da ya tsage ko tagar da aka bari a buɗe sun isa su kai shi ɗakin maƙwabci.

Ruwa: na sama da na ƙasa

Soron ƙasa yana zubar da ruwansa ta indararo, kuma magini na gari yana juya bakin indararo zuwa lungu ko tsakar gidan mai shi. Rufin kwano ya sauya lamarin. Idan aka gina ɗaki a kan iyaka aka karkata kwanon zuwa baya, duk ruwan da ya sauka a kansa gidan maƙwabci zai zuba, a gindin katanga. Shekara biyu ko uku, sai a ga gishiri ya fito a bango, filasta tana ɓarewa, harsashi yana zama. Maganin ba shi da tsada idan tun farko aka yi shi: a karkata rufin zuwa cikin gida, ko a ɗaga katangar ta wuce kwano a sa magudana a bayanta. Bayan an gama rufi kuwa, gyaran sai an kwance.

Haka rariya. Gidan da ke tudu yakan so ya fitar da ruwan tsakar gidansa ta gidan da ke gangare. Idan tsohuwar hanya ce da aka gada, ba a toshe ta haka kawai. Idan sabuwa ce, sai da yardar mai gidan. Kuma yarda da wucewar ruwan sama ba yarda ba ce da wucewar ruwan wanka da wanke-wanke.

Mafi hatsari shi ne wanda ba a gani. Ma'aikatan lafiyar muhalli sukan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fegi mai faɗin ƙafa 50 mita 15 ne kawai. Ke nan a irin waɗannan unguwanni ba zai yiwu mutum ya kiyaye wannan tazara shi kaɗai ba, domin ko ya nisanta rijiyarsa da masansa, bai san abin da ke bayan katanga ba. Kowa kuwa yakan tura masai da sokawe can ƙarshen fili, jikin iyaka. Hanyar da ta fi dacewa ita ce maƙwabta su yi shawara kafin tono, su haɗa masansu a kusurwa ɗaya, rijiyoyi a ɗaya kusurwar, ko su haɗa kuɗi su yi rijiyar burtsatse guda a wuri mai nisa da ramukan. Gudawa da amai sun fi saurin kayar da tsoho da ƙaramin yaro, su ne kuma suka fi yawa a irin waɗannan gidaje.

Bayan rasuwar maigida

Yawancin rigingimun iyaka ba a fara su sai an yi rabon gado. Gidan da aka tsara domin mutum ɗaya sai ya koma na mutum goma: matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Matar kuma tana da haƙƙin yin takabarta ta wata huɗu da kwana goma a gidan, idan mallakar mijin ne. Idan aka raba gidan da katangu, sabbin iyakoki sun haihu a cikin tsohuwar iyaka, da tambayar wa ke da zaure, wa ke da rijiya, ta ina na ciki zai fita.

Abubuwa uku ne suka fi rikita mutane a nan.

Na farko shuf'a, wato haƙƙin karɓar rabon da abokin tarayya ya sayar wa bare, a biya kuɗin da aka saya. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a cikin abin da ba a raba ba. Maƙwabci ba shi da shi, saɓanin mazhabar Hanafiyya. Da zarar an raba gida an ja iyaka, shuf'a ta faɗi. Al'adar fara yi wa maƙwabci tayi kafin a sayar kyakkyawa ce, amma ladabi ce, ba dole ba.

Na biyu hauzi. Wanda ya riƙe gida ko fili shekara 10 yana amfani da shi a matsayin nasa, mai shi yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, domin an san 'yan uwa suna kawar da kai ga juna. Wannan ya shafi ma'aikacin da ya sayi fegi tun yana aiki ya bar shi: idan maƙwabci ya shigo da katangarsa ƙafa biyu, shi kuma yana zuwa gida duk sallah yana gani yana shiru don kunya, shirun nan ana iya kafa hujja da shi a kansa.

Na uku kyauta. Dattijo yakan ce ya bai wa ɗansa wane ko 'yarsa wance wani sashe na gida. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan ya rasu kafin haka, sashen ya koma cikin gado. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada.

Dokar ƙasa da takardu

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da ke yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashinsa kai tsaye, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya a kansu, kuma sayar da irin wannan fili yana bukatar amincewarta. Don haka tambayar farko da mai sayen fegi a Ƙaraye ko Rogo zai yi a ofishin ƙasa ita ce, a wane ɓangare filin ya faɗa. A matakin jiha, hukumar KANGIS ce ke kula da rajistar filaye, KNUPDA kuma da tsara birane da izinin gini.

Takardar ciniki da aka saba rubutawa a gaban mai unguwa tana da amfani, amma rauninta shi ne yadda take bayyana iyaka: gabas gidan wane, yamma gonar wane. Waɗannan mutane suna rasuwa, suna sayarwa. Abin da ke dawwama shi ne awon safiyo, da turakun siminti masu lamba a kusurwa huɗu, da taswirar da ke nuna tsawon kowane gefe. Game da katanga kuwa, rabin shafi ya wadatar: wa ya gina, da kuɗin wa, a filin wa take, an yarda a ɗora rufi ko ba a yarda ba, wa zai gyara idan ta faɗi. Shaidu su kasance matasa daga gidajen biyu, ba sa'o'in dattawan kaɗai ba.

Idan sulhu ya gagara, kotun shari'a ta yankin tana sauraron ƙara, Babbar Kotun Jiha ma tana da hurumi a kan filayen karkara, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Adisa da Oyinwola a 2000. Wajen ɗaukaka ƙara akwai abin lura: sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Jayayyar iyaka zalla tsakanin maƙwabta ba ta cikinsu, kuma an sha rushe hukunci bayan shekaru saboda an bi ta kotun da ba ta da hurumi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Amurka akwai garuruwan da aka gina musamman domin masu ritaya. Sun City ta Jihar Arizona, wadda aka buɗe a ranar 1 ga Janairun 1960, tana cikin na farko-farko. Wata dokar 1995 ta amince a keɓe irin waɗannan unguwanni idan aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen suna da mai shekara 55 ko fiye. A wasu rukunan akan gina gida a kan layin iyaka ta gefe ɗaya, bangon ya zama ba taga, a bar wa maƙwabci ɗan fili a jikinsa. Tsarin ya yi kama da na Bahaushe ƙwarai. Bambancin shi ne, haƙƙin shiga a gyara bango da abin da aka hana jinginawa a jikinsa duk a rubuce suke a takardar gidan, suna bin gidan ga duk wanda ya saya. A Ingila da Wales, dokar katangar tarayya ta 1996 ta wajabta wa mai son taɓa irin wannan katanga ya sanar da maƙwabcinsa a rubuce wata biyu kafin ya fara. Kusan duk abin da waɗannan dokoki suka ƙunsa akwai makamancinsa a littattafan da ke zaurukan Ƙaraye. Rubutawar ce ta rage.

Gidan da zai dace da mai shi a shekara 80

Mai gini yana da shekara 60 yakan tsara gida da ƙafafun da yake da su a ranar. Akan ɗaga daɓe sama saboda ambaliya, a sa matakala uku a ƙofa. Ranar da aka bukaci keken guragu, sai a tarar gangaren da ya dace yana bukatar tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tsayi. Daɓe mai tsayin santimita 45 ke nan yana bukatar gangare mai tsawon kusan mita biyar da rabi. Idan ba a bar masa wuri a cikin fegi ba, lungu zai ci, lungu kuwa na kowa ne, wata rigimar ke nan.

Ƙofar ɗaki da ta banɗaki su kai faɗin santimita 90. Banɗakin dattijo ya kasance jikin ɗakinsa, ba can ƙarshen gida ba, da ƙarfen dafawa a bango, kuma a guji tayil mai santsi, musamman a wurin alwala. Ɗakin kwanansa kada ya zama shi ne ke kan iyaka idan akwai yadda za a yi, domin bangon iyaka ba ya samun taga, kuma ba a san abin da za a jingina a bayansa ba, murhu ne, turken dabbobi ne ko inji.

Wasu maƙwabta, musamman 'yan uwa, sukan bar 'yar ƙofa a katangar tsakani domin mata su riƙa zirga-zirga ba tare da fita waje ba, kuma idan ciwo ya tashi cikin dare a samu mai kawo ɗauki da wuri. Ga gidan da tsofaffi biyu kaɗai ke kwana, wannan ƙofa tana da amfani ƙwarai. Ita ma a sa ta a takarda, a fayyace cewa ta zumunci ce, ba hanya ba ce, kuma kowane ɓangare na iya toshe ta da bulo ranar da aka sayar da ɗaya daga cikin gidajen.